Atu Maharbi da Dodon Gidan Niƙa

Bindigar Atu tana da hali irin na tsofaffi, ba ta amsawa nan take. In ka ja kunama sai ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu, ta ƙyasta, albarushin baki ya yi fuu, ta ɗan yi tunani tukuna, kana ta tashi da ƙara. Tsakanin jan kunama da fitar harsashi akwai kamar numfashi guda, kuma cikin numfashin nan gadu mai gudu ya ci tsawon jikinsa biyu. Saboda haka Atu bai taɓa auna dabba ba tun da yake. Gabanta yake aunawa, fili inda babu kowa, ita da kanta ta zo ta iske ajalinta yana jira. Bai san wata dabara yake yi ba. In ka tambaye shi yadda ake yi, sai ya dube ka kamar ka ce ya koya maka haɗiyar yawu.

Da wannan hannun yake ci. Kwarin Maje ƙauye ne a gindin dutse, tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma dutsen nan cike yake da gadu, wato aladen daji, da gwaggon biri. Da zarar dawa ta fara nuna sai su sauko, garke guda ya kwantar da gona kafin hantsi. Atu ne mai tsare gonakin, shi da baƙin karensa Duna. In kaka ta yi, kowane gida ya kawo masa dami, Kirista da Musulmi, ba wanda ake bi ana roƙo. Gonarsa ta kansa tsakuwa ce zalla, ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba. Shekara ashirin da wani abu rumbunsa bai taɓa jiran gonarsa ba, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda zai ɗaga hannu ya ce ya ga Atu ya yi harbi ya kuskure.

A watan Janairu na 1965, lokacin cinikin auduga, ya hau mota zuwa Funtua sayen albarushi, tare da maƙwabcinsa Rabe. Rabe mutum ne mai kirki, sai dai bakinsa ba ya da ƙyaure. Shi ya ja Atu zuwa gidan niƙan Malam Ummaru da ke bayan tashar jirgi, wai a je a ga abin da duk gari ke magana a kai.

Malam Ummaru tsohon makanikin reluwe ne. Da ya ajiye aiki ya kafa injin niƙa, sa'an nan ya sayo wani tsohon akwatin wasa daga hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti a Kano, ya gyara shi da kansa, ya jona shi da wutar injinsa. Akwatin ya fi mutum tsawo, gabansa gilashi, a ciki an zana daji irin na ƙasar Turawa da itatuwa masu tsini. Cikin dajin akwai wata baƙar dabba mai gashi, ba kura ba, ba biri ba, tana kai da kawowa a kan 'yar hanya irin ta jirgin ƙasa. Mutanen Funtua suka rasa sunanta, suka ce Dodo. A haƙarƙarinta akwai ɗan madubi kamar faɗin kwabo. Taku goma daga akwatin an ɗora bindiga a kan wani ɗan teburi, waya ta haɗa su. Ka jefa taro, wato kwabo uku, a rami, fitilu su kama, Dodo ya fara tafiya, a ba ka harbi ashirin. In ka sami madubin sai Dodo ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, ya yi gurnani, idanunsa su yi ja, ya juya ya koma inda ya fito, lamba ta haska a sama.

Wani akawun gidan gurzar auduga ne a kan bindigar lokacin da suka iso, farar taguwa, alƙalami biyu a aljihu, taba a gefen baki. Ya sa Dodo gurnani sau goma sha bakwai. Aka yi ta tafi.

Rabe ya kasa haƙuri. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku wannan kuke ma tafi? Ku ba da wuri! Ga Atu na Kwarin Maje, wanda gadu ke jin sunanshi ya canza hanya. Yau Dodon nan zai kwana lahira."

Atu bai so ba, amma an riga an buɗe masa hanya, Rabe kuma ya riga ya jefa taro. Ya ɗauki bindigar. Ba nauyi, ba warin albarushi, ba komai. Ya ɗan yi murmushi, don abin ya yi masa kama da wasan yara. Dodo ya taho daga hagu. Hannun Atu ya yi abin da ya saba, ya wuce gaba, yatsa ya ja. Bindigar ta ce ƙas. Dodo ya wuce abinsa. Ya sake, ya sake, Dodo na ta yawonsa kamar mai zagayen gonarsa da yamma. Wajen harbi na goma wurin ya yi tsit. Wajen na sha biyar wani ɗan kamasho ya fashe da dariya, sauran suka kama. Da fitilu suka mutu, lambar da ke sama ba ta motsa daga sifiri ba.

Akawun nan ya cire taba daga baki ya ce, "Baba, halan gadun ƙauyenku ɗaure su ake yi kafin ka harba?"

Atu bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya ajiye bindigar a hankali ya fita ta baya, inda mata ke jiran niƙa. Can Malam Ummaru ya same shi, girarsa fara fat da gari.

"Maharbi, tsaya. Na kalli hannunka. Ko ɗaya ba ka yi kuskure ba, duk ashirin wuri guda suka sauka, taƙi ɗaya gaban dabbar. Ban taɓa ganin hannu mai daidaito haka ba. Amma wannan ba harsashi gare ta ba, haske take fitarwa, shi kau haske ba ya jira. Kai inda za ta je kake harbi. Wannan inda take ake harbinta."

Atu ya gane sarai. Da ya ɗauki maganar nan ya sa a aljihu ya tafi gida, da shi ke nan. Amma Malam Ummaru a bayan gidan niƙa ya faɗe ta, mutum ɗaya ya ji, dariyar kuwa mutum hamsin suka yi ta a gaban titi.

A hanyar komawa gida, kafin su sauka daga mota Rabe ya ba fasinjoji labarin sau biyu. Ba da mugunta yake yi ba, labari ne mai daɗi ya samu, ba zai iya riƙe shi ba. Kwana uku duk Kwarin Maje ta ji. A bakin rijiya, a majalisa, har a ƙofar majami'a ran Lahadi, sai ka ji an ce, "Atu, ya Dodon Funtua? Ya kwana lafiya?" Atu ya riƙa yin dariyar yaƙe tare da su. Abin da ya gama karya shi shi ne ranar da Mai Unguwa Buba ya tsayar da shi a hanya, ba da wasa ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni kau Atu, idon lafiya dai ko? In akwai wani abu, asibitin Malumfashi ba nisa."

Ran kasuwa mai zuwa ya koma Funtua shi kaɗai. Duna ya raka shi bakin titi, ya kwanta ƙarƙashin ɗorawa ya jira shi har ya dawo.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ya san abin da ake so, amma hannun bai yarda ba. Da ya ɗora bakin bindiga a kan madubin sai hannun ya zame gaba, kamar jakin da ya san hanyar gida. Sai ya cije leɓe ya janyo shi baya da ƙarfi, gumi na zuba masa kamar mai noma. Ranar sau biyu kacal ya ji gurnanin Dodo. Amma ya ji, kuma daɗin da ya ji ya ba shi tsoro.

Daga nan ba ran kasuwar da ta wuce shi. Da rani gadu kan yi nisa su bi fadama, ba aikin tsaro, sai dai farautar gayya da maharban ƙauyuka ke fita tare. Shekarar nan Atu bai bi ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya ce gwiwa, sau ɗaya ya ce albarushinsa ya yi sanyi. Bindigarsa tana rataye a bango gizo-gizo na saƙa a bakinta. A gida sai ya sami kara ya zauna bakin ƙofa yana auna kaji, kaza na tafiya yana bin ta da kara daidai ƙirjinta, yana cewa ƙas da baki.

Matarsa Rahab ta kalli abin nan har ta gaji. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Maigida, mi kajin nan suka yi maka?"

"Hannu nake gyarawa."

"Hannun da ya ci da mu shekara ashirin, shi ne yau ya zama abin gyara? Don akwatin wani mai niƙa? Su da suka yi dariyar, wane ne a cikinsu ya taɓa tsayawa gaban gadu?"

"Ke ba ki gane ba. Sau ɗaya nake so in cika ashirin ɗin nan a gaban mutane, in wanke sunana, shi ke nan. Ai hannu biyu Allah Ya ba ni. In yi ɗaya na gari, ɗaya na daji."

Rahab ta ci gaba da tankaɗenta. Ta san in ya kafe ba ya jin kira, kuma a gaskiya ita ma ba ta san abin da take tsoro ba, ta dai san tana jin tsoro.

Malam Ummaru ma ya so ya tsayar da shi. Wata rana ya ce, "Maharbi, ni taronka ba ya yi mani daɗin karɓa. Wannan abin na akawuna ne da 'yan mota, su ba abin da za su ɓata." Atu ya ce ya ji, ya jefa wani taron.

A hankali hannun ya fara risinawa. Bakwai, goma sha ɗaya, goma sha shida. Ya daina cije leɓe. Ya kai ga in Dodo ya ɓullo, bakin bindiga ya manne wa madubin ya bi shi ba tare da Atu ya sa tunani ba. Ranar da ya cika ashirin, hadarin farko ya riga ya haɗo a gabas. An rufe gidan gurza sai baɗi, akawun nan ya tafi garinsu, 'yan kallo duk sun koma gona sharar fage. Dodo ya miƙe ya yi gurnani sau ashirin cur, fitilu suka yi ta walƙiya, wata ƙararrawa a cikin akwatin da ba a taɓa jin ta ba ta kaɗa. Atu ya juyo fuska cike da fara'a. Ba kowa a wurin sai Malam Ummaru da wasu mata biyu masu jiran niƙa. Ɗayarsu ta ce, "To, in ya gama a zo a niƙa mana, ruwa zai taso."

Da ya isa gida ya wuce kai tsaye wurin Rabe. Ya same shi yana ɗaura wa fartanya ƙota.

"Na cika ashirin."

"Ashirin ɗin mi?"

"Dodo. Na Funtua."

Rabe ya ɗago kai ya ce, "Au, wannan! Kai, har yanzu kana nan? Ai mu mun manta tun tuni. Ka sami irin gyaɗa kuwa?"

Atu ya koma gida. Bai sake zuwa gidan niƙa ba.

Damina ta yi kyau, dawa ta yi kai kamar ba a taɓa yi ba. Da ta fara nuna ya sauko da bindiga, ya share ta, ya shafa mata man gyaɗa, ya sa sabuwar ƙanƙara. Da sassafen wata Talata aka aiko gadu sun shiga gonar Mai Unguwa. Ya isa ya tarar da Buba da Rabe da wasu manoma sun tsaya kan tudu suna nuna masa inda karan dawa ke motsi. Ya sami wuri a bakin wani fili tsakanin gona da dutse, inda dole dabbar ta ratsa. Ya yi wa Duna fito. Karen ya faɗa cikin dawa.

Ba a jima ba wani ƙaton gadu ya fasa kara ya fito a guje, wutsiya a tsaye, haƙora kamar lauje, Duna na bin sa dab da dugadugansa. Irin harbin da Atu ya yi sau ɗari ne. Ya ɗaga bindiga, bakinta ya manne wa haƙarƙarin gadun, daidai inda madubi zai kasance, yatsa ya ja. Ƙanƙara ta ƙyasta, albarushi ya yi fuu. A cikin numfashin nan guda Atu ya san abin da ya yi, amma ba a kiran harsashi ya dawo. Bindigar ta tashi.

Da hayaƙi ya washe, gadun ya riga ya kai gindin dutse. Duna na kwance a tsakiyar filin, ƙafafunsa na ta gudu a iska.

Ba wanda ya yi dariya. Rabe, mai bakin nan, ya cire hula ya riƙe a hannu. Atu ya je ya durƙusa. Karen ya ɗago kai ya lashi hannunsa, hannun daman, sa'an nan ya daina motsi. Ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi bayan gonarsa, ya haƙa rami cikin tsakuwa da hauya har tafinsa ya fashe. Ya yi kuka a wurin, kukan da bai yi irinsa ba tun mutuwar ubansa.

Ya gaya wa kansa cewa tsautsayi ne na rana ɗaya, tun da yanzu ya san cutar zai kiyaye. Amma sanin shi ne ya ƙarasa shi. Da can ido ke gani yatsa ya ja, ba kowa a tsakaninsu. Yanzu tunani ya shiga tsakani ya zauna. Bayan kwana biyu ya sami wata tsohuwar gadu tana ratsawa, ya ce a ransa gaba, gaba, ya kai bakin bindiga gaba har ya wuce misali, harsashi ya tayar da ƙura, ita kuma ta taka ƙurar ta wuce. Ran Asabar garke guda ya bi ta gabansa, ya ɗaga bindiga, hannu ɗaya na ja gaba, ɗaya na ja baya, har na ƙarshensu ya shige dutse bai harba ba. Cikin mako biyu gonaki huɗu suka kwanta.

Mai Unguwa Buba ya zo da kansa da hantsi, ya zauna kan tabarma, aka gaisa har da tambayar jikoki. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Atu, mun aika wajen Musawa, akwai wani maharbi can, jibi zai iso. Ba don an raina ka ba. Abincin mutane ne ke ƙarewa. Ka huta bana, baɗi Allah Ya kai mu."

Atu ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Ba a yi maganar dami ba, don kowa ya san inda damin bana zai tafi.

Da Buba ya fita, Atu ya shiga bayan ɗaki inda duman Rahab ya yaɗu a kan danga, ya tsinko manya guda shida. Haka ubansa ya koya masa harbi yana saurayi: a hau gangare a gangaro da duma, kai kana ƙasa ka fasa shi yana gudu. Ya ce da Rahab ta zo ta taimake shi. Ta kalli duman da ta yi wata huɗu tana kiwo, ta zuba su a kwando ta ɗora a ka.

Suka tafi can bayan dutse inda ba mai ganinsu. Ta hau gangaren da kyar, don ba yarinya ba ce. Ya ɗaga mata hannu, ta saki na farko. Ya gangaro yana tsalle. Bindiga ta tashi, duma ya wuce ya tsaya cikin ciyawa. Ya sake ɗuri, ta saki na biyu. Ƙura ta tashi a bayansa. Na uku, a gabansa. Kowane ɗuri yana cin lokaci, rana na dukan su, Rahab na tsaye can sama da kwando tana jira.

A na biyar ya lura ta sauko ƙasa-ƙasa, inda gangaren ba shi da ƙarfi. Na shida kuwa ba ta jefa shi ba, ajiye shi ta yi a ƙasa ta ɗan tura da tafin hannu, kamar mai tura yaro ya koyi tafiya. Duman ya taho a hankali, yana tangaɗi, har mutum zai iya bin sa da ƙafa ya kama. Atu ya ga abin da ta yi, ya kuma san dalilin da ya sa ta yi. Wannan tausayin ya fi dariyar Funtua ciwo. Ya ɗaga bindiga, bakinta na rawa tsakanin duman da gabansa. Ya ja. Duman ya ci gaba da gangarowa har ya zo ya tsaya kusa da ƙafarsa.

Rahab ta sauko ta ɗauke shi, ta yi ta jujjuya shi a hannu tana neman ko ƙwarzane.

"Ka ga nan, Maigida," ta ce. "Kamar ya ɗan taɓa nan."

Ya karɓa ya duba. Dutse ne ya goge shi.

"Tattara su ki kai gida," ya ce. "Ki fafe su. Duma ne mai kyau, kada ya lalace a banza."

Ta bi ciyawa tana tsintar su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya zauna a kan dutse da bindiga a cinya, yana kallon hannunsa. Shekarar nan Rahab ta jera sababbin ƙorai shida a ɗakinta, babu ko ɗaya mai huji.